Tsakanin labarin da aka bar wa ƙofa a buɗe da wanda aka gudu aka bari

'Yar'uwa, na ga tambayarki jiya da daddare. Kin gama littafi mai kashi 4, marubuciyar ba ta faɗi makomar kishiyar ba, ba ta ce ko yayan da ya tafi ci-rani ya dawo ba, shi ne kike tambaya ko irin wannan ƙarshe na iya gamsar da mai karatu. Yana iyawa. Sai dai rashin ƙarewa iri biyu ne, mu kuma mukan zuba su a kwando ɗaya.

Na farkon, mu 'yan Daura da shi aka raine mu. Bayajidda ya zauna Barno, ya auri ɗiyar Mai, wato sarkin Barno, ya gudo ya bar ta da ciki a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa. Ya iso Daura cikin dare ya roƙi tsohuwa Ayana ruwa, ta ce ai ba a ɗiba a Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ke ciki. Ya kashe shi, ya auri Daurama, ɗansu Bawo ya haifi 'ya'ya 6, da Biram, ɗan da ɗiyar Mai ta haifa masa, suka cika Hausa Bakwai. To, baiwar Allahn da aka bari a Garun Gabas fa? Ya koma gare ta? Me ta ji da labarin aurensa ya iske ta? Duk wanda ya ba ni labarin nan tsallake wurin yake yi. Ina yarinya, muna dawowa daga kallon rijiyar lokacin Sallar Gani, na matsa wa kakata da tambayar. Ta ja hannuna ta ce, "Ke dai an sha ruwa ko ba a sha ba?" An sha. Abin da ya hana gari barci an warware shi, shi ya sa matar nan take zaune a raina har yau ba tare da na ji an cuce ni ba.

Na biyun kuwa ya taɓa cina. Na biya ₦500 aka saka ni a rukunin wani littafi a WhatsApp. Tun shafin farko aka ɗora labarin kan wanda ya musanya jaririya a asibiti. Na bi shi fiye da shafi 60, wani dare har tuwona ya kama saboda karatu. A shafin ƙarshe, nas ɗin ta buɗe baki za ta faɗi sunan, sai na ga "mu haɗu a kashi na gaba". Shekara ta zagayo, shiru. Wannan bashi ne aka ci aka ƙi biya.

Ba na ɗora laifin duka kan marubuta. Mai rubutu kullum a waya, masu karatu na ta roƙon a ƙaro wance a rage wane, zaren sai ya yi mata yawa a hannu. Ga masu fitar da littafin kuɗi suna yaɗawa kyauta har gwiwarta ta yi sanyi. Ko a zamanin bugawa, raba littafi zuwa na 1, na 2, na 3 sau da yawa don cinikin na farko ya buga na biyu ne, in bai shiga kasuwa ba shi ke nan. Amma sanin dalili bai goge min haushin ba.

Naki littafin, koma babi na farko ki duba me ya sa kika kasa ajiye shi. In auren jarumar ne da wanke ta daga ƙazafin da aka yi mata, kuma an yi, to kishiya da ɗan ci-rani 'yan Garun Gabas ne, ki bar su su zauna a ranki. In kuwa ɓatan yayan ne ya tada labarin, tun daga kukan uwarsu a zaure, kina da hakkin ki bi marubuciyar ki tambaye ta, cikin ladabi, yaushe zai dawo gida.