Daga Damagaram a jirgi: Maraɗi ko Agadas, wanne ya cancanci kuɗin tikiti?

Malam, ka tambayi nisan da ke tsakanin filin jirgin Damagaram da na Maraɗi, da kuma na Agadas, da tsawon lokacin da kowanne ke ci.

Maraɗi a miƙe kamar kilomita 200 ce, Agadas kuwa kusan 370. A kwalta lissafin ya sha bamban: Maraɗi wajen 235 ta Takeita da Tasawa, Agadas kimanin 450 ta Tanut da Adarbisinat.

Inda mutane ke tafka kuskure shi ne raba nisa da gudun jirgi. Jirgi mai farfela biyu irin ATR yana yin kusan kilomita 500 a awa, sai mutum ya ce Maraɗi minti 24 ke nan. Ba haka ba ne. Wancan gudun sai jirgi ya gama hawa ya daidaita yake samunsa, a tafiyar Maraɗi kuwa yana gama hawa zai fara shirin sauka. Ka ƙiyasta minti 35 zuwa 40. Agadas tana ba shi sararin sakin gudu, shi ya sa duk da nisanta ya kusa ninka na Maraɗi, ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Idan ƙaramin jirgi ne mai inji ɗaya irin Cessna Caravan, da ke yin 300 da 'yan kai, Maraɗi ta doshi minti 50, Agadas awa ɗaya da minti 20.

Sai ka ɗora abin da ba a rubutawa a tikiti: zuwa fili aƙalla awa ɗaya kafin tashi, awon kaya, bincike, jiran jaka bayan sauka, neman abin hawa zuwa cikin gari. Da an haɗa, tafiyar Maraɗi ta cinye awa biyu da rabi, alhali mota tana kai ka cikin awa uku da rabi zuwa huɗu. A ganinmu ribar ba ta kai kuɗin ba, sai ga mara lafiya ko wanda zaman mota ke wahalarwa. Agadas fa daban take, domin a mota wuni ake yi, ga zafi, ga wuraren bincike. Nan jirgi ya biya kuɗinsa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne babban mai ɓata shiri: idan matuƙi ba zai hangi titin sauka ba, a jinkirta ko a soke. A Afrilu da Mayu zafin rana yana sa iska ta yi sakayau, jirgi ya buƙaci doguwar gudu kafin ya ɗaga, har a rage kaya. Saboda haka tashin safe ya fi tabbas.

Kafin ka biya, ka tambaya ko jirgin kai tsaye zai tafi. Mai tasowa daga Yamai yakan yada zango a gari fiye da ɗaya, kuma kowace tsayawa tana iya ƙara maka rabin awa ko fiye.