Rangadin tarihi a Limbe: kuɗina bai tafi a banza ba, amma Bimbia ta fi ƙarfin gaggawa

Yawancin masu zuwa Limbe, wani gari a bakin teku a ƙasar Kamaru, daga Douala gasasshen kifin bakin ruwan Down Beach ke kawo su, su ci su koma. Ni tarihin garin nake so, shi ya sa na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ya ba ni mota da ɗan jagora.

Ɗan jagoran ya san aikinsa. A bakin teku muka fara, wajen hasumiyar tunawa da Alfred Saker, ɗan mishan daga Ingila da ya kafa garin a 1858 ya raɗa masa suna Victoria, bayan Sifaniyawa sun hana su wa'azi a tsibirin Fernando Po. Sai a 1982 gwamnatin Ahmadu Ahidjo ta mayar da sunan Limbe. Yana bayani, Dutsen Kamaru mai tsayin sama da mita 4,000 na bayanmu, gajimare ya rufe kansa. Yashin bakin ruwan baƙi ƙirin ne saboda aman wutar dutsen. A Bakingili ma ya nuna mini narkakken dutsen 1999 da ya gangaro har kan hanya ya daskare.

Lambun itatuwan da Jamusawa suka kafa a 1892 yana da kyau da sanyi, sai dai mun daɗe a ciki fiye da kima.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne an bar Bimbia sai la'asar. Hanyar ba ta da kyau, ga tafiyar ƙafa cikin kurmin gora. Nan ne aka riƙa tara bayi ana loda su a jiragen ruwa. Ginshiƙan dutse na nan tsaye, saiwoyi sun nannaɗe su, ga guntayen sarƙa sun yi tsatsa, ga dogon kwami da aka ce a ciki ake zuba musu abinci. Na dafa bakinsa, hawaye suka zo mini. Ban gama addu'a ba direba ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, duhu zai kama mu." Wuri irin wannan bai kamata a leƙa shi a tsaitsaye ba.

Zan ba wani shawarar ya ɗauki kamfanin nan, da sharaɗin a fara da Bimbia tun da sassafe. A je da rani, don ruwan saman yankin ba na wasa ba ne, a kuma sa takalmi mai kama ƙasa.