ND, ATS ko digiri: wane kwalin akanta ya dace ka nema?

Kwali iri biyu ne a harkar akanta a Najeriya, kuma mutane da yawa ba sa bambancewa sai sun kashe kuɗi. Akwai na makaranta, wato ND da HND (ƙaramar difloma da babbar difloma ta ƙasa) da digiri. Akwai kuma na ƙungiyoyin da doka ta ba ikon tantance akantoci: ICAN, wadda aka kafa a 1965, da ANAN, wadda ta samu dokarta a 1993. Da kwalin makaranta kaɗai za ka iya samun aiki ka riƙe littafin kuɗin ma'aikata. Amma sa hannu a matsayin odita, wato mai binciken kuɗi, a rahoton kuɗin kamfani na ƙarshen shekara, wannan sai ɗan ƙungiya mai lasisi.

Hanyar da ɗalibanmu suka fi rashin sani ita ce ATS, shirin ƙananan akantoci na Afirka ta Yamma wanda ICAN ke gudanarwa a nan gida. Ba ya buƙatar JAMB. Kiredit biyar ake nema a WAEC ko NECO, har da Turanci da Lissafi, a zaman da bai wuce biyu ba. Matakai uku ne, kowanne da darussa huɗu, ana zana jarrabawa a Maris da Satumba. Mataki na farko ya ƙunshi tushen akanta, tattalin arziki, dokar kasuwanci da dabarun sadarwa. A na biyu ake shiga lissafin kuɗin gwamnati da ilmin kwamfuta, na uku kuma ya kawo haraji, binciken kuɗi da lissafin tsadar kaya. Wanda bai faɗi ko sau ɗaya ba zai iya gamawa cikin kamar shekara ɗaya da rabi. In ya gama, ya samu laƙabin AAT na ƙaramin akanta, ICAN ta yafe masa matakin farko na babbar jarrabawarta, jami'o'i da dama kuma su karɓe shi kai tsaye a aji biyu.

Sai dai ATS ba makaranta ba ce, jarrabawa ce kawai. Babu malamin da zai bi ka, babu kiran suna. Littattafan karatun da tambayoyin baya suna shafin ICAN, amma wanda bai taɓa ganin yadda ake shigar da ciniki ɗaya a ɓangare biyu na littafi ba, ya nemi cibiyar koyarwa ta yamma ko ta ƙarshen mako. Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne karanta akanta kamar tarihi. Mutum ya haddace ma'ana, ranar jarrabawa a ba shi jerin ciniki a ce ya fitar da riba da asara cikin ƙayyadadden lokaci, hannunsa bai saba ba. A lissafin kuɗin da za ka kashe, ka haɗa da rajista, kuɗin kowace jarrabawa, kuɗin cibiya, da na mota idan garinku babu wurin zana jarrabawar.

ND shekara biyu ce a foliteknik, irin su ta Kaduna ko ta jihar Kano, sai shekara ɗaya ta sanin makamar aiki, sannan HND shekara biyu. Tana da amfani ga mai son ya fara aiki da wuri, ko wanda yake bukatar aji da malami kafin abu ya zauna masa. A nan ne kuma aka fi yin asara. Ba kowace difloma ce ND ba. Makarantu da dama suna da difloma ta cikin gida, wadda ba ta bi ta JAMB ba, hukumar NBTE mai kula da foliteknik kuma ba ta tantance ta ba. Sai an gama an je neman HND a wani wuri, a ce ba a san wannan takarda ba. Kuma kwas ake tantancewa, ba sunan makaranta ba: ana iya amincewa da sashen injiniya na kwaleji alhali sashen akantarta bai samu ba. Haka wanda ya yi karatun wucin gadi na yamma ko ƙarshen mako, ya sani ba za a tura shi bautar ƙasa ba, takardar cirewa za a ba shi. Mai HND da ke son digiri na biyu kuwa, yawanci sai ya ratsa ta PGD, wato difloma ta bayan digiri.

Digiri shekara huɗu ne, a Bayero ko Ahmadu Bello ko wata jami'ar da hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da kwas ɗinta. Shi ya fi buɗe ƙofa ga mai niyyar koyarwa ko zurfafa karatu, in dai zai iya jure tsawon lokaci da yajin aiki.

Bayan HND ko digiri ne yawanci ake zaɓe tsakanin ƙungiyoyin biyu, ICAN da ANAN. ICAN jarrabawa ce mai matakai uku, kana aikinka kana zanawa. Yafe darussa ga wanda ya karanta akanta ba ya zuwa haka nan, sai ka nema, ka kai sakamakonka, ka biya. ANAN kuma karatu ne a kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos, sai horo na shekara biyu ƙarƙashin ƙwararre kafin a samu laƙabinta na cikakken akanta, CNA. A ganinmu, mai harin bankuna da manyan kamfanonin odit ya fi dacewa da ICAN. Ma'aikacin baitulmalin jiha ko ƙaramar hukuma da ke neman ƙarin girma, ANAN za ta biya masa bukata, domin gwamnati na karɓar dukansu. Akwai kuma ACCA, ƙungiyar akantoci ta Ingila, tana da jarrabawa 13 da sharaɗin aikin wata 36, kuma da fam ake biyan kuɗinta. Idan ba aikin waje ko kamfanin ƙetare ka nufa ba, nauyin ya fi amfanin.

Duk wadda ka zaɓa, kwalin ba zai koya maka manhajojin lissafi irin su Excel ko Sage ko QuickBooks yadda mai ɗaukar aiki yake so ba, wannan sai ka nemi kwamfuta ka zauna da kanka. Kafin ka sayi fom kuma, ka nemi sunan kwas ɗin a jerin NBTE ko NUC, ka tambayi sashen ko ICAN ta tantance su, sannan ka tabbatar takardar shigarka daga JAMB ta fito, sunanka da ranar haihuwarka sun yi daidai da na takardar sakandare.