Lagireton ɗaki da ya ƙi daina zafi: wasiƙa daga Manchesta

Yaya, assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya yaran gareji? A gaida Inna, a ce mata jikarta ta fara rarrafe.

Ran nan a waya ka tambaye ni ko gaskiya ne a Ingila ba a gyara, sai dai a yar a sayi sabo. Na ce ka bari in rubuto, don abin da ya same mu a watan Janairu ya fi ƙarfin hirar waya, kuma kai na dinga tunawa har aka gama.

Ga yadda ake ɗumama gida a nan. A kicin akwai tukunyar gas manne da bango, boila suke ce mata. Ita ke dafa ruwa, ta tura shi cikin bututu ya zaga gidan, kowane ɗaki da faffaɗan ƙarfensa fari a jikin bango. Sunansa ɗaya da lagireton mota, aikin ma kusan ɗaya: ruwan zafi ya shiga, iska ta kwashe zafin. A mota zafin ake gudu, a nan kuwa shi ake biya wa kuɗi. A gindin lagireton akwai wani kai na roba, bai kai kofin shayi girma ba, da lambobi 1 zuwa 5. Lamba 3 wajen digiri 20 ke nan, kowace lamba kuma tana ƙara kamar digiri huɗu. Cikin kan akwai ɗan kwanso a rufe, da kaki ko wani ruwa a ciki. Ɗaki ya yi ɗumi, kakin ya kumbura, ya danna wani siririn tsinken ƙarfe, tsinken ya toshe hanyar ruwa. Ɗaki ya huce, kakin ya tsuke, sifirin ya ɗago tsinken. Ba lantarki, ba batir. Ɗan'uwan tamostat ɗin da kuke cirewa daga motoci 'yan Kwatano ne sak. Wani kamfanin ƙasar Danmak, Danfoss, shi ya fara ƙera irin wannan kan lagireton tun 1943.

To, na ɗakin da muke kwana da yarinyar ne ya ƙi ji. Na mayar da shi 2, zafi. Na murɗe shi har ƙarshe, zafi, ko hannu ba ka iya ɗorawa. Ma'aunin da ke kan durowa ya kai digiri 27, alhali ma'aikatan lafiya a nan sun ja mana kunne cewa ɗakin jariri ya tsaya tsakanin 16 da 20. Na taɓa ƙeyarta na ji gumi sharkaf. Idan na kashe boila gidan duka ya zama firji, idan na kunna ɗaki ɗaya ya zama tanda. Uwarta ta buɗe taga da tsakar dare, sanyin waje na shigowa, mitar da ke kan teburin kicin kuma tana lissafa min fam da kwabo ina kallo. Gas ba abin wasa ba ne a nan tun 2022, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashi, har sai da gwamnati ta sa hannu a watan Oktoban shekarar ta tsayar da kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida a fam 2,500 a shekara.

Da safe na kira ofishin dillalan da suka ba mu hayar. Doka tana bayana: dokar 1985 ta ce gyaran abin ɗumama gida da ruwan zafi a wuyan mai gida yake, ba ɗan haya ba. Matar ta saurare ni da ladabi, ta rubuta, ta ce tunda gidan yana da ɗumi ba gaggawa ba ce, mai gyara zai zo nan da kwana tara. Na kira wani da kaina. Ya ce fam 80 kuɗin tako ƙafarsa kawai, kafin ya taɓa komai, kuma sai jibi. Yaya, a unguwarmu da ka leƙa bakin titi ka aiki yaro, kafin la'asar mai gyaran famfo ya zo da jakarsa, ya gama, ku yi ciniki kuna dariya. Wannan na yi kewarsa ƙwarai.

Sai na tuna maganarka ta gareji, cewa kada a kwance abu sai an san ta inda zai zubar. Na bincika, na gane kan robar ba ya taɓa ruwa ko kaɗan, cire shi ba zai jiƙa kafet ba. Boila ce haramun a gare ni, don aikin gas sai wanda ke cikin Gas Safe, rajistar masu izinin aikin gas, kuma kowace shekara dole mai gida ya turo irinsu su duba ta. Wannan doka ina ganin hikimarta, don gas ba ya yafiya. Na sanar da matar ofishin abin da zan yi, ta ce in ajiye rasit.

A daren farko ɗaya gefen lagireton na rufe. Akwai ƙaramin bawul a can ƙarƙashin hular roba, na sa sifana na murɗa ina ƙirgawa, zagaye ɗaya da rabi, na rubuta a takarda, don da shi ake daidaita rabon ruwa tsakanin ɗakuna, in ka manta lissafin ka ɓata na wani ɗakin. Washegari na mayar da shi yadda yake, na kai kan lamba 5 don ya saki, na warware zoben da hannu. Ga tsinken nan tsaye, tsawonsa bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba. Na danna shi da bayan cokali. Da farko ya cije, sai ya nutse kaɗan ya dawo da kansa. Na ɗiga mai, na danna sau ashirin har ya yi laushi. Ba a jan sa da filaya, yana iya fitowa gaba ɗaya, baƙin ruwa ya biyo baya.

Na mayar da kan, zafi bai daina ba. Sai na yi irin gwajinka na fulogi: na ciro kan lagireton falo na ɗaura a nan. Kafin awa ɗaya ƙarfen ya huce. Ashe kan ne ya mutu.

Nan ne zan yaba musu. Bakin zoben awo ɗaya ne a yawancin gidaje, milimita 30, sai kamfanoni kaɗan masu nasu daban. Na nemo shi a waya a shagon Screwfix, na biya, na hau bas da tsohon a aljihu kamar mai zuwa Ƙofar Ruwa. Ba kaya a baje, ba kiran kwastoma. Kanta ce kawai, ka faɗi lambarka, yaro ya shiga ciki ya fito da kwali. Bai kai fam 20 ba. Ba wanda ya tambaye ni mai kyau nake so ko mai sauƙi, ba ciniki, ba rantsuwa, kuma in bai hau ba zan mayar da rasit a ba ni kuɗina. Da Ƙofar Ruwa za ta samu wannan amanar, da rabin wahalarka ta ragu. Amma yaron kantar bai san abin da ke cikin kwalin ba. Na tambaye shi ko ana sayar da kwanson kakin shi kaɗai, ya duba kwamfuta ya ce babu. Kaya a nan araha ne a kan albashi, hannun mai sana'a ne tsada, shi ya sa ba mai zama ya buɗe abin fam 20.

Minti biyar na ɗaura shi. Daren nan ma'auni ya kwana a 18, taga a rufe, yarinya ta yi barci har asuba. Ofishin sun soke zuwan mai gyaran, suka cire kuɗin daga hayar Fabrairu.

Tsohon kan yana nan ban yar ba. Da na samu mai zuwa Kano zan ba shi ya kawo maka. Ka sa zarto ka raba shi biyu, ka duba min ko kakin ne ya tsiyaye ko robar ce ta karye a ciki, ka turo min hoto.

Ƙaninka.