Sharhina kan infiliksimab, maganin da aka ba ni bayan sitiroyid ya gaza

Na shekara huɗu ina lallaɓa gyambon babban hanji da ƙwayoyi kafin ya taso mini gadan-gadan, har aka kwantar da ni ina zagayawa sau 12 a rana, kusan duk jini, ga zazzaɓi. Aka fara yi mini allurar sitiroyid, wato maganin rage kumburi, ta jijiya, miligiram 100 na haidirokotison sau huɗu a rana, amma a kwana na uku, wanda shi ne ranar da likitoci ke auna ko maganin ya karɓi mutum, babu abin da ya ragu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu irin wannan tashin ciwo haka suke, sitiroyid ba ya riƙe su.

Likita ya zauna bakin gadona ya ce zaɓi uku ne: infiliksimab, ko wani magani mai suna sikulosporin, ko tiyatar cire hanjin. Na zaɓi na farko, wanda aka fara sayarwa da sunan Remicade, domin ana iya ci gaba da shi tsawon lokaci, alhali sikulosporin na ɗan lokaci ne kuma yana iya taɓa ƙoda. Aikin infiliksimab shi ne toshe wani sinadari mai suna TNF da garkuwar jiki ke fitarwa, mai rura kumburin hanji. Saboda yana rage ƙarfin garkuwa, sai da aka ɗauki hoton ƙirjina, aka gwada jinina don tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, gudun kada ya tayar da cutar da ke kwance.

Shi kansa maganin ba shi da wani kwarjini: leda ce ta ƙarin ruwa, miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin jiki, tana ɗiga har awa biyu, nas tana zuwa auna jinina lokaci-lokaci. A dare na biyu na yi barcin awa biyar a jere, abin da rabona da shi ya fi wata guda. Kafin mako ya cika jinin ya ɗauke. An maimaita a mako na 2 da na 6, sannan duk bayan mako 8.

Inda nake da ƙorafi shi ne ba a yi mini bayani tun farko ba cewa idan hanji ya yi tsananin rauni, maganin kan zube ta bayan gida, kuma jiki na iya ƙera abin da zai yaƙe shi. Sai da ciwon ya fara leƙowa a mako na 7 bayan ƙarin ruwa aka auna yawan maganin a jinina, aka taras ya yi ƙasa, aka rage tazarar zuwa mako 6. Gajiya kan danne ni washegarin kowane ƙarin ruwa, kuma mura ta fi daɗewa a jikina fiye da da.

Bai warkar da ciwon ba, kwantar da shi ya yi. Duk da haka, yau wata 14 ke nan hanjina yana nan ba a cire shi ba, kuma idan aka mayar da ni wancan kwana na uku, shi zan sake zaɓa.