Sabon katin girafik ko gyaran tsari: wanne ke rage jiran rebuild a SolidWorks?

Injiniya, ka ce injin casar shinkafar da ka harhaɗa a SolidWorks, manhajar zana injuna a kwamfuta, yana daɗewa wajen rebuild, wato sake lissafa zanen bayan canji, duk sa'ad da ka taɓa awo guda, shi ne kake tambaya ko ka sayi katin girafik mai tsada ko ka sake tsara aikin. Ni dai gyaran tsari zan sa a gaba.

Katin girafik aikinsa nuni ne kawai: juya injin a allo, zuƙowa, inuwa. Lissafin rebuild firosesa ke yin sa, kuma galibi bi da bi yake tafiya a kan core guda, wato ɗaya daga cikin sassan lissafin firosesa, domin kowane mataki sai ya jira wanda ya gabace shi. Shi ya sa firosesa mai gudu ta fi mai yawan core amfani a nan. Ƙarin RAM ba ya canza komai sai idan wadda kake da ita tana cika, SSD kuwa buɗe fayil take hanzartawa.

Gyaran tsari ba ya cin ko kwabo, haƙuri yake ci. Fara buɗe Performance Evaluation, rahoton da manhajar ke bayarwa kan gudun aikin, ka ga inda lokacin ke zurarewa. Mates, wato ƙa'idojin da ke ɗaure sashe da sashe, idan suna matakin sama na babban haɗin injin, tare manhajar ke lissafa su, amma waɗanda ke cikin subassembly (ƙaramin haɗi a cikin babban) mai Rigid, wato wanda sassansa ba sa motsi, ba ta sake lissafa su a matakin saman. To, ka tara giyabos a subassembly guda, firam a guda, mazurari a guda. Ka yi hattara da Flexible, mai barin sassan subassembly su motsa, don yana dawo maka da lissafin nan gaba ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne notuna. Mutum ya zana haƙoran noti zagaye bayan zagaye da helix, wato layi mai murɗewa, alhali mai walda ba zai taɓa dubawa ba. Cosmetic Thread, mai nuna alamar haƙoran kawai, ya wadatar, sannan ka jera notunan da pattern, wato maimaita guda ɗaya a jere, maimakon ɗaure kowane da mates uku. Sassan da ke aron awo daga maƙwabtansu kuma, da zarar awon ya zauna ka kulle su da Lock All, in ba haka ba canji guda ya tayar da goma.

Lightweight, wato loda sassa ba da cikakken bayaninsu ba, wanda Large Assembly Settings (Large Assembly Mode a tsofaffin sigogi) ke iya kunnawa idan sassa sun kai 500, buɗewa yake sauƙaƙawa, ba ya gyara mates da suka cakuɗe. Kuma ka rage danna Ctrl+Q, komai yake sake ginawa tun daga tushe. Ctrl+B abin da ya canza kaɗai yake taɓawa.