Digirin kimiyya ko na jinya: wanne ke kai mutum ga majinyata?

'Yar'uwa, kin ce an ba ki gurbi biyu, ɗaya a kimiyyar halittu, ɗaya a aikin jinya, kuma an ce miki duk ɗaya ne tunda darussan shekarar farko sun yi kama, in kin ga dama ki sauya daga baya. Burinki kuma ki yi aiki da marasa lafiya. To, kama da wane ba ta wane. Ɗaliban fannonin biyu na iya zama aji ɗaya a kemistiri da bayoloji, amma daga nan hanya ta rabu.

Digirin kimiyya magana ce tsakaninki da jami'a kawai. Ita ke tsara abin da za ki karanta, ita ke cewa kin gama. A Amurka yawanci kiredit 120, wato ma'aunin yawan darussan da aka ci, ake nema cikin shekara huɗu, har da darussan gama-gari irin su rubutu da lissafi, kuma a yawancin jami'o'i matsakaicin maki 2.0 cikin 4 ya isa a ba ki takarda. A Ingila shekara uku ce, kiredit 360 a nasu lissafin. Akwai sarari a ciki: wasu kwasa-kwasan ke za ki zaɓa, kuma sau da yawa in kin faɗi ɗaya kina sake shi ba tare da komai ya tsaya ba.

Shi kuwa digirin jinya iyayen gida biyu gare shi, jami'a da hukumar da ke ba da lasisi, kuma ta biyun ta fi ƙarfi. A Ingila hukumar NMC, mai ba ma'aikatan jinya lasisi, ta gindaya awa 4,600 na horo, rabinsu aikin hannu ne, akasari a kan majinyata, har da kwanan dare a asibiti. A Amurka ko kin karɓi digirin sai kin ci jarrabawar NCLEX kafin a kira ki nas mai rajista. A Najeriya shekara biyar ake yi. Kwasa-kwasan a jere suke, wannan na hawa kan wancan, saboda haka faɗuwa a ɗaya na iya jawo miki asarar shekara, makarantu da yawa ma sallama suke yi in aka faɗi sau biyu. Tsananin ba na mugunta ba ne. Wanda ya kuskure lissafin magani a takarda, gobe a jikin mutum zai kuskure.

Batun sauyawa shi ya fi damuna, domin a nan ake yi wa ɗalibai romon baka. Lakca tana ɗaukar mutum ɗari uku a zaure ɗaya, amma ɗakin majinyata ba ya ɗauka. Kowane ɗalibin jinya sai an samo masa inda zai yi aiki da wanda zai tsaya a kansa, shi ya sa guraben ke da iyaka, kuma ba a cika samun wanda ya rage ba bayan an fara. Fita daga jinya zuwa kimiyya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ke kuwa ƙofar da ke da wuyar shiga ce aka riga aka buɗe miki.

Ban raina kimiyya ba. Ita ce hanyar bincike da koyarwa da digiri na biyu. In ma likitanci kike so a Amurka, sai kin fara da digirin farko, ki yi bayoloji da fizis da kemistiri, ki zana jarrabawar share fagen shiga likitanci ta MCAT, sannan shekara huɗu a makarantar likitanci, da horon ƙwarewa na shekara uku zuwa bakwai. A Ingila da Najeriya kuwa daga sakandare ake shiga kai tsaye, shekara biyar ko shida. Amma a duk wuraren nan takardar kimiyya ita kaɗai ba ta ba ki izinin kula da majinyaci.

Tunda majinyata kike so, ni ina ganin ki karɓi jinyar, muddin kin yarda da tsayuwar awa goma sha biyu, da jini, da wanke wanda ba ya iya wanke kansa. Sai dai kafin ki biya kuɗin rajista, ki duba jerin makarantun da hukumar lasisi ta ƙasar ta amince da su, daga wajen hukumar kanta, ba daga tallar jami'ar ba. Ana samun jami'a mai cikakken izini amma sashenta na jinya bai samu amincewa ba, kuma wanda ya gama a irin wannan sashe ba a barinsa ya zauna jarrabawar lasisi.